Motar da Rana ta Cinye wa Fenti: Tsakanin Goge da Feshi a Bangi

Idan ka tsaya a tashar mota a Bangi da sassafe lokacin hunturu, abu na farko da za ka ga yaron mota ya yi shi ne ya zaro tsumma daga ƙarƙashin kujerar direba, ya kaɗe shi sau biyu, ya hau goge bonet da rufi a bushe. Kafin mai shayi ya gama haɗa wa direba nasa, yaro ya gama, ya koma kiran fasinjan Kontagora. A ganinsa ya yi wa motar maigidansa hidima. Motar kuwa Golf ce da ta fito daga kamfani ja wur, amma yanzu samanta ya koma ruwan hoda mai hazo-hazo. Ka shafa yatsa a rufin, za ka ɗago shi da gari kamar ka taɓa alli. Ka buɗe ƙofa ka leƙa jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kansa, inda rana ba ta kaiwa, sai ka tarar da jan nan na asali yana nan daram.

Masu motoci da yawa idan sun ga haka hukunci ɗaya suke yankewa: fenti ya mutu, sai feshi. Wanda ba shi da kuɗin feshi ya haƙura, ya ci gaba da hawa a haka har ranar da dillali zai rage masa farashi saboda "bodi ya koɗe". Alhali a kaso mai yawa na irin waɗannan motoci, abin da ya mutu bai fi kaurin fatar albasa ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai lafiyayyen fenti da wuni ɗaya na aikin hannu zai fito da shi. A wani kason kuma da gaske ya mutu, ko shekara za a yi ana gogewa ba zai dawo ba. Wanda ya iya rarrabe waɗannan biyun ya tsirar da kuɗinsa.

Bangi ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mariga, a ƙasar masarautar Kontagora, can arewacin Jihar Neja. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma mota a nan jaka ce: ta ɗauki buhunan masara da wake, ta ɗauki 'yan kasuwa zuwa kasuwar shanu ta Mariga, ta kai mara lafiya asibiti a Kontagora. Mutumin da ke fama da ramukan hanya da fargabar 'yan bindiga, ba ƙyallin bodi ne farkon abin da ke ransa ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai lissafin ya canza a 'yan shekarun nan. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya toshe hanyar da 'yan Kwatano suka saba biyowa. A 2023 aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun shekarar ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Motar Baljiyam da ƙaramin ma'aikaci ko manomi mai rufin asiri ke iya tara wa kuɗi a da, yanzu sai dai ya kalle ta a waya. Don haka wadda ke hannu ita ce jari. Golf 3, wadda Volkswagen ta fara ƙerawa a 1991, mafi ƙuruciyarta ta haura shekara 25 a duniya. Ga tsofaffin Corolla da Honda, ga ɗaiɗaikun Peugeot 504 da 505 da suka rage daga zamanin da kamfanin PAN, wanda ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, yake cika titunan Arewa. Duk waɗannan za su ƙara shekaru a kan hanya, kuma fenti shi ne rigar da ke tsakanin ƙarfensu da tsatsa.

Abin da ke cin fentin

Fentin mota hawa-hawa ne. Daga ƙasa akwai shafin da ke hana tsatsa, sai firaima, sai launin kansa, sai kuma a yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau wani shafi garai-garai a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Duka-duka kaurinsu a motar da ta fito daga kamfani bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kusan silin gashi biyu a haɗe. Ita kiliyar kaɗai wajen maikiron 40 zuwa 50 ce, ba ta kai kaurin takardar littafin ɗan makaranta ba. Da wannan ɗan abin mota ke fuskantar ranar watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, rufin mota mai duhun launi kuma ya yi zafin da ba ka iya ɗora masa tafin hannu.

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, shi ne mai ƙona fata. Shi ke tsinka ƙwayoyin danƙon da ke riƙe da garin launi, iskar da muke shaƙa kuma ta shiga ta ƙarasa aikin. Idan danƙon saman ya ruɓe, garin launin ya zauna tsirara, fuskar fentin ta yi kaushi, haske ya daina dawowa ido kai-tsaye. Abin da muke kira koɗewa ke nan. Ja ya fi saurin nunawa domin garinsa yana haɗiye hasken da ya fi ƙarfi. Fari kuma yakan yi alli ne, har ka jingina da shi ka tashi da farar baya. Da yake aikin rana ne, shi ya sa rufi da bonet da but, waɗanda ke kallon sama, suke riga ƙofofi mutuwa.

Rana ba ita kaɗai ke aikin ba. Ƙurar hunturu da ke sauka a Bangi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, babban kasonta daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ta haɗu da jar ƙurar hanyoyinmu, wadda ke ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da suka fi fenti tauri. Yaron nan mai busasshen tsumma, ba tare da ya sani ba, samfefa yake yi wa motar kullum safiya. Sai ranar wanki a kawo omo, wanda aka yi shi don ya narkar da maiƙo, ya kwashe duk wani ɗan kakin kariya da ya rage. A wanke da ruwan rijiyar burtsatse a tsakiyar rana, ruwan ya bushe ya bar ɗigo-ɗigon gishirinsa. Mai mota ya nemi inuwa ya faka a gindin darbejiya ko mangwaro, kashin tsuntsu da na jemage ya zubo, ya kwana biyu yana cin fentin. Ko a gareji ma ba ta tsira ba: man birki idan ya ɗiga a fenda aka bar shi, zai ɗaga fentin kamar ƙuna.

Gwajin farin ƙyalle

Kafin a kashe ko sisi, akwai gwajin da kowa zai iya yi. A wanke wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu a kan but, a ɗiga folish kaɗan a farin ƙyalle mai laushi (ko mai duhu in motar fara ce), a murza na ɗan lokaci, sannan a duba ƙyallen. Idan ya ɗauko launin motar, fentin mai hawa ɗaya ne, ba shi da kiliya. Haka fentin 504 yake, haka kuma wasu launuka marasa ƙyalƙyalin ƙarfe, musamman ja da fari, suka daɗe suna fitowa daga kamfanoni ko bayan an koma amfani da kiliya. Mai irin wannan motar ya yi sa'a. Launi da danƙo a gauraye suke daga sama har ƙasa, don haka da zarar an kankare mataccen saman, sabo ne ke bayyana. Kada ganin ja a jikin ƙyalle ya tsorata shi. Mushen ne ke fita.

Idan ƙyallen bai ɗauko launi ba, akwai kiliya, sai a zuba ido da kyau. Kiliyar da ta yi dishi-dishi kawai, amma santsinta bai yanke ba, tana gyaruwa. Wadda ta fara yin fararen taswirori masu baki-baki kamar makero a kan yaro, ko take ɓarewa kamar saɓar maciji, ko ta tsattsage ƙanana-ƙanana, ta rabu da launin da ke ƙarƙashinta. Babu folish ɗin da zai mayar da ita, komai sunan kamfanin da ke jikin gwangwanin. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai goge ta ta dawo, zai ba ka ƙyallin mako guda ne. Akwai kuma dabarar ruwa: ka jiƙa wurin, in launin ya dawo ya yi zurfi alhali yana jiƙe, akwai fata, in ko a jiƙe ma fari-farin bai ɓace ba, shirya wa mai feshi.

Aikin kansa ba shi da wani sirri, haƙuri yake ci. A inuwa ake yi, bodi a sanyaye, don haka a Bangi ko dai da sassafe ko bayan la'asar. A fara da kwarara ruwa ya tafi da ƙura tun kafin hannu ya taɓa motar. A wanke da sabulun mota da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, saboda kada yashin da aka kwaso ya koma jikin fentin. Bayan ta bushe, in ka shafa za ka ji ƙurji-ƙurji na kwalta da danƙon itace da suka kafe. Akwai wani abu kamar yumɓu da ake sayarwa don tsince su, ana murza shi a kan ruwan sabulu. Daga nan sai kwamfawun, wato man goge mai ɗan kaushi wanda shi ne ke cin mataccen saman. Ana ɗaukar wuri kaɗan-kaɗan, kamar faɗin faranti, a murza, a share, a duba, a ci gaba. Bayansa folish mai laushi ya share ƙananan zanen da kwamfawun ya bari. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a fara gwada mafi laushi. In ya yi aiki, ba a buƙatar mai kaushin. Samfefar ruwa, mai lamba 2000 ko 3000, sai inda abin ya yi tsanani, kuma sai a hannun wanda ya saba.

A nan ne garin neman gira ake rasa ido. Sinadarin da ke tare hasken rana a cikin kiliyar yake, saboda haka duk abin da aka kankare an rage wa motar garkuwa ne, kuma ba ya tsirowa. Masu sana'ar kan yi gargaɗin kada a ci fiye da rubu'inta a tsawon rayuwar mota. Gefen bonet da kusurwoyin ƙofa fentinsu ya fi siranta, nan ake fara hudawa a ga firaima ta leƙo. Babban haɗarin kuma shi ne injin. Injin goge na gaskiya ana tafiyar da shi a juyi 1,000 zuwa 1,500 a minti. Giranda ta mai walda tana juyi sama da 10,000. Na taɓa ba wani yaro tsohuwar motata a wani gareji, na je sallar azahar na dawo na tarar ya ɗaura soso a giranda, ya ƙona mini gefen bonet ya bar tabo kamar an ɗora dutsen guga. Da na yi magana sai maigidansa ya ce ai dama fentin ya tsufa. Gaskiyarsa, ya tsufa, amma da ƙafarsa ya shigo garejin.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi ne ke sa mutane su ce folish yaudara ce. Fentin da aka goge sabuwar fata ce a buɗe. In ba a rufe shi da kaki ba, kafin damina ta zagayo ya koma gidan jiya, musamman mai hawa ɗaya. Kakin gargajiya na mota, karnuba, daga ganyen wani irin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Barazil, yana ba da ƙyalli mai kyau amma a zafinmu ba ya wuce wata ɗaya zuwa biyu. Na haɗin kamfani ya fi shi jimiri. Gane lokacin sabuntawa ba wuya: in ka zuba ruwa ya tattaru ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kariya na nan, in ya baje ya kwanta, ta ƙare. Kayan nan duka ana samunsu a shagunan kayan mota na Kontagora, waɗanda su kuma suke sarowa daga manyan kasuwanni irin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Jabu na da yawa, kuma araha ba ta ado.

Ƙyallin ranar kasuwa

Akwai gajeriyar hanya da kowa a harkar ya sani. A jiƙa tsumma da gas ko kananzir ko baƙin mai, wani ma man gyaɗa, a shafe motar da za a kai wa mai saye. Maiƙon ya cike kaushin, launi ya dawo nan take, motar ta yi ta walƙiya a bakin titi. Kwana uku ƙura ta manne mata kamar an barbaɗa gari a kan ƙuli-ƙuli, wanki ɗaya kuma ya tona asiri. Robobin gilashi su ma man yana kumbura su. Mai saye ya riƙa shafa bodi da bayan hannu yana sansanawa. Fentin da aka goge da gaske ba ya barin maiƙo.

Wannan ya kai mu ga abin da dillalan mota daga Legas har Sakkwato ke kira fes bodi, motar da ba a taɓa yi mata feshi ba tun daga kamfani. Tana da daraja a kasuwa, kuma da dalili. Fentin kamfani ana gasa shi ne a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun motar tana ƙwarangwal ba roba ba waya a jikinta, abin da ba wani gareji da zai iya maimaitawa. Feshi kuma yana iya ɓoye komai: haɗari, tsatsa, fila mai kaurin ɗan yatsa. Shi ya sa mai saye mai wayo ke zuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. Inda fila ta yi kauri ba ya kamawa sosai. Yana kuma duba robobin gilashi da cikin ƙofa ko feshi ya fantsama. To mutumin da ya ɗauki motarsa fes bodi, wadda koɗewa ce kawai ke damunta, ya kai aka yi mata feshin gaggawa a fili iska na kaɗa ƙura, ya biya kuɗi ne don a rage mata daraja. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ba ina cewa feshi ba shi da ranarsa ba. Inda kiliya ta ɓare, ko tsatsa ta fara kumburo fenti daga ƙasa, jinkiri ma asara ce, domin damina ɗaya ta isa ta mayar da ɗigon tsatsa rami. Sau da yawa rufi da bonet kaɗai ke buƙata, a goge sauran. Kyan feshi a shirinsa yake: a kankare har inda ya yi lafiya, fanabita ya buga ƙarfe ya miƙe maimakon a cika rami da fila, a sa firaima, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a kuma guji ranakun da hazo ya yi kauri. Sabon feshi ba a sa masa kaki sai ya yi wata ɗaya ko fiye, don tinar da aka haɗa fentin da ita ta gama fita.  

Akwai abin da ya fi bodin mota muhimmanci a garejin feshi, shi ne ƙirjin yaron da ke riƙe da bindigar fentin. Hadinar da ake zuba wa fentin zamani tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda likitocin ma'aikata suka daɗe da sanin yana cikin manyan masu jawo asma ga masu sana'a. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare shi, takunkumin asibiti ma haka. Gwangwanin madarar da ake ba yaro ya sha bayan aiki wai ta wanke masa ƙirji, ciki take tafiya, huhu kuma hanyarsa daban. Maigidan da ke iya sayen kwamfuresa zai iya sayen takunkumin fenti mai matata, ya kuma riƙa canza matatar. Aikin goge, ban da araha, ba shi da wannan haɗarin, kuma sana'a ce da matashi zai iya farawa da bokiti biyu da ƙyallaye da gwangwani uku, a garin da kusan kowace mota ke buƙatarta. Fitilun gaba ma da suka yi ruwan ɗorawa, roba ce da rana ta ci kamar yadda ta ci fentin, hanya ɗaya ake bi a wanke su, kuma direban da ke dawowa daga Kontagora bayan magariba ya san amfanin fitila mai haske.

Abin da ya rage na masu motoci ne da shugabannin tasha. Rumfar kara ko ta buhu a ƙofar gida ta fi kowane folish aiki, kuma kara ba ya tsada a Bangi bayan kaka. Kashin tsuntsu a wanke shi a ranar. Omo a bar wa tufafi. Ranka ya daɗe direba, gobe da safe in yaronka ya zaro tsumman nan, karɓe shi ka miƙa masa bokiti.